Zanzibar: baƙin hutu, matan teku, da lissafin da muka yi

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na duk ƙauyukan da wannan takarda ke isa. Muna fatan damina ta yi albarka, zubi kuma yana tafiya daidai.

Mu huɗu aka tura ziyarar musayar dubara a tsibirin Zanzibar cikin watan Yuli, muka yi kwana goma. Da muka komo, tambayar kowa ɗaya ce: yaya teku yake? Za mu faɗa muku. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wasu samari da ƴan mata ƴan makaranta da muka riƙa gamuwa da su ko'ina, mafi yawansu ƴaƴan Turawa, waɗanda ke cin hutunsu a tsibirin. Da safe su yi aikin taimakon gari, da maraice su shiga yawon buɗe ido. Mun yi ma wannan al'amari lissafi irin na ranar rabon asusu: wa ya zuba, wa ya ɗauka, mi ya rage cikin akwati. Lissafin ne muka kawo muku.

Ƙasar da ruwa ya kewaye

Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, a gabashin Afirka, kuma yanki ce ta Tanzaniya tun haɗewar da aka yi a 1964. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja, inda muka sauka, tsawonta kamar kilomita 85 ne, bai kai tafiyar Maraɗi zuwa Tasawa ba. Daga Yamai jirgin sama ya kai mu Adis Ababa, daga nan Darussalam, sannan muka yi awa biyu cikin jirgin ruwa. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1 da dubu 900, kuma kusan dukansu Musulmi ne. Kiran salla shi ke tashin gari, kamar a gida.

Harshensu Suwahili ne, kuma kunnen Bahaushe ba ya rasa abin kamawa cikinsa. Asuba su ce asubuhi, sabulu su ce sabuni, alƙalami su ce kalamu, labari su ce habari. Kanumfarin da muke saye a kasuwa su ce karafuu, kuma Pemba na cikin wuraren da suka yi suna wajen nomansa. Yaro in ya gaida babba sai ya ce shikamoo, babba ya amsa da marahaba. Awa kuma daga fitowar rana suke ƙirga ta: ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. Duk wadda za ta sa ranar taro da su, ta tambaya da kyau wane agogo ake nufi.

Tsohon garin, da suke kira Mji Mkongwe, da dutsen teku aka gina shi. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga, ƙofofin gidajen kuwa na katako ne masu sassaƙa, suna tuna mana adon gidajen Birni a Damagaram. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Cikin garin akwai wurin da aka yi babbar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, aka gina coci a kanta. Shugabar ƙasar Tanzaniya da ta hau mulki a 2021, Samia Suluhu Hassan, ƴar Zanzibar ce, ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan kujera a ƙasar. Matan can ba su gajiya da faɗin haka.

Ɗiyar asusunmu

Dalilin zuwanmu shi ne asusu. Kun san a yankin Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, lokacin da CARE da wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norwe, Moira Eknes, suka zauna da matan ƙauye aka gyara tsohon adashe ya koma akwati mai zubi da bashi da rabo. Bayan shekara goma, a 2001, CARE ta kai wannan tsari ƙauyukan da ke kewaye da dajin Jozani a Unguja. Su ma suna da adashensu na gargajiya, upatu, shi ya sa abin bai yi musu baƙunta ba. Zubi su ce hisa. Akwati mai makulli ukku, kowane mabuɗi hannun mutum daban, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. Bambancin da muka gani, wasu ƙungiyoyinsu akwai maza ciki. Da proje ya ƙare ma ƙungiyoyin ba su mutu ba, masu horarwa ƴan gari suka ci gaba da kafa sababbi. Da suka ji daga Nijar muka fito, tarbar dangin uwa suka yi mana. A gidajensu da wuraren aikinsu ne muka fara cin karo da baƙin hutun nan.

Su wane ne waɗannan yara?

Makarantun Turai da Amurka suna babban hutu daga Yuni zuwa Agusta. A Zanzibar lokacin babban ruwan sama na Maris zuwa Mayu ya wuce, gari ya bushe, iska na kaɗawa da sanyi-sanyi. Sai kamfanoni da ƙungiyoyi na ƙasashen can su tara yara masu shekara goma sha biyar zuwa ashirin da ƴan kai, su kawo su rukuni-rukuni tare da masu kula da su, su yi sati biyu ko ukku. Iyaye ke biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne: yaro guda yakan haura miliyan na sefa, ban da kuɗin jirgi. Wasu yaran sukan yi ƴan sana'o'i a garinsu, wankin mota ko saida abinci, don su tara. In sun gama akan ba su takardar shaidar aikin sa kai, wadda ke taimaka musu wajen neman jami'a ko aiki.

Yininsu kashi biyu ne. Da safe fenti a makaranta, koya ma yara Turanci, tsintar robobi a bakin teku, dashen itace, ko taya mata aikin ciyawar teku. Bayan azahar su hau jirgin katako mai babban ƙyalle da iska ke turawa, su sa gilashin ido da ɗan bututun numfashi su kwanta bisa ruwa suna kallon kifi da murjani. Wata rana a kai su gonar kanumfari da kirfa da citta, wata rana tsibirin Changuu, inda ake kiwon manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel a 1919, waɗanda girmansu ya fi babban turmin daka.

Wurare ukku

A Jambiani, gabashin tsibirin, muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Teku yana janyewa nesa har ka ga kamar ya gudu, ya bar farin rairayi da ɗan ruwa iya gwiwa, bayan wasu awoyi ya komo. Sau biyu yake haka kowace rana. Cikin wannan tsakani mata ke shiga gonakinsu. Sun kafa turaku, sun ja igiyoyi, suna ɗaura ƴan rassan wata ciyawa da suke kira mwani. Bayan kamar sati shida su girbe, su ɗauko a ka, su shanya, su saida ma ƴan kasuwa masu fitar da ita waje, inda ake tatsar wani abu mai kauri daga jikinta a sa cikin man goge baki da magunguna da kayan zaƙi. A 1989 aka fara wannan noma a Jambiani da Paje da iri daga ƙasar Filifin, kuma mafi yawan masu yinsa mata ne. Aiki ne na duƙe cikin ruwan gishiri ƙarƙashin rana, ciwon baya da ciwon ido ba su rabuwa da su. Kilo guda busasshe ba ya kai kuɗin kwalbar lemo a otal ɗin da ke bayansu. Ga shi kuma ruwan bakin gaɓa yana ƙara ɗumi, irin da ya fi tsada yana fari yana ruɓewa. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi suka koma sarrafa ciyawar da kansu, suna yin sabulu da man shafawa da gari.

Nan muka ga baƙin suna taya ɗaurin igiya. Shugabar ƙungiyar ta gaya mana tana dariya cewa abin da yarinyarsu guda ke ɗaurewa kafin ruwa ya komo, su biyar ba su gama shi. Amma ta ce sabulun da suke saye ranar tafiyarsu shi ne ribar zuwan, kuma kuɗin kai tsaye akwati yake shiga.

Wuri na biyu dajin Jozani ne, wanda gwamnati ta keɓe a 2004, faɗinsa kamar murabba'in kilomita 50. Cikinsa akwai wani biri mai jan baya da farin gashi a goshi, wanda babu irinsa ko'ina a duniya sai Zanzibar, kuma yawansu bai kai dubu 6 ba. Da can manoma na ƙinsa don yana ɓarna a gona. Yanzu wani kaso na kuɗin shiga dajin yana komawa ƙauyukan kewaye, sai birin ya samu masu tsaron sa. A gefen dajin akwai itatuwan da ke tsiro cikin laka da ruwan gishiri, mikoko, saiwoyinsu a waje kamar yatsu. Su ke riƙe gaɓa kada teku ya ci ta, cikinsu kuma ƙananan kifi da ƙaguwa ke girma. Ana sare su don girki da gini, shi ya sa ake dasa sababbi. Dashen ba wuya: a soka ɗan tsiron cikin laka lokacin da ruwa ya janye. Wannan aiki ne da yawan hannu ke da amfani, yara ashirin za su dasa fili mai yawa a safiya guda. Sai dai mun tambayi mazauna wurin wa ke dubawa bayan baƙi sun tafi. Inda kwamitin gari ke tsaro, dashe ya kama. Inda ba mai tsaro, badi wasu baƙin su sake dasa wuri ɗaya. Mu da ke ganin yadda awaki ke yi da itatuwan ranar 3 ga Agusta, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na ukku Nungwi ne, can ƙarshen arewa, garin masu sassaƙa jiragen katako. Tun 1993 mutanen garin suka keɓe wani ɗan tafki a bakin teku don kunkurun teku. In masunci ya kama guda cikin taru sai ya kawo, a yi jinyarsa, daga baya a sake shi. Baƙi na taya wanke tafkin da ba su ci. Amma aikin da ya fi taɓa mu a Nungwi na ƴan gari ne. Mutanen da teku ya kewaye, da yawansu ba su iya iyo ba, musamman mata, don al'ada ba ta ba su dama ba kuma babu suturar da za su shiga ruwa da ita. A Satumba 2011 jirgin ruwa mai suna Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka rasu. Akwai ƙungiya a garin, Panje Project, da ke koya ma yara da mata iyo, da tufafin da ke rufe jiki duka har da kallabi. Mai koyo takan rungumi bidon ruwa da ba komi ciki, shi ke ɗaga ta bisa ruwa har ta saba. Wasu daga cikin waɗanda suka koya yanzu su ke koyarwa. Ga matan mwani kuwa iyo ya zama maganar abinci, tunda ciyawar ta fi yi a ruwa mai zurfi da sanyi.

Abin da lissafi ya nuna

Da farko, yaran ba mu ga mugun nufi tare da su ba. Suna da ladabi, suna son koyo, wasunsu har da kuka ranar bankwana. Amma baƙo makaho ne ko da yana da idanu, kuma sati biyu ba ya buɗe su.

Na biyu, babban kason kuɗin da iyayensu suka biya ba ya isowa ƙauye. Yana tsayawa ga kamfani, da jirgi, da otal, da motoci. A wani gari da ba za mu faɗi sunansa ba, an nuna mana bangon makaranta da rukuni bayan rukuni ke shafa ma fenti, alhali rufin ajin yana yoyo. Ba wanda ya tambayi malamai ko iyaye mi suke buƙata. A wani wurin baƙi sun ɗora tubali a karkace, sai da magini ya rushe ya sake bayan tafiyarsu, kuma da an ba shi aikin tun farko da iyalinsa sun ci abinci da shi. Koyar da Turanci ma haka: kowane rukuni daga gaisuwa da ƙirga yake farawa, yara su saba da malami ya ɓace.

Na ukku, akwai abin da baƙo ke ɗauka bai sani ba. Ruwan sha yana da wuya a wasu garuruwan bakin teku, rijiyoyi na komawa gishiri, ga otal-otal da wuraren wanka cike da ruwa. Akwai hoto: a ɗauki ɗan mutum ko matar mutum tana aiki, a baza a Facebook ba izini. Akwai sutura, har sai da hukuma ta gargaɗi baƙi su rufe jiki in sun bar bakin teku sun shigo gari.

Duk da haka mun ga inda abin ya yi kyau, kuma dalilin a fili yake. A wani ƙauye kusa da Jozani ƙungiyar asusu ce ke karɓar baƙin. Kafin su zo an zauna an zaɓi aiki. An yanka kuɗin kowane baƙo, na abinci da na koyarwa, an rubuta cikin kaye. Matan ƙungiya ke dafa abinci bi da bi, kowace ta san ranarta da ladanta. Maginin gari shi ne shugaban aiki, baƙi ƴan miƙo yashi da ruwa ne. Kowane baƙo an haɗa shi da sa'ansa ɗan gari, su yi aikin safe tare, su tafi yawon maraice tare. Wannan na ƙarshe ya fi kome burge mu, don an gaya mana da yawa daga cikin yaran garin ba su taɓa leƙa murjanin da ke gaban gidansu ba sai ta wannan hanya. Gaskiyar magana, mai cin babbar riba a wannan tafiya shi ne yaron da ya zo: ya ga duniya, ya koyi wahala, ya rage raina mutane. Tunda makaranta ce gare shi, daidai ne ya biya malamansa, kuma malaman su ne mutanen gari.

Mi ya shafe mu?

Abu biyu. Na ɗaya, mu ma muna karɓar baƙi: ma'aikatan proje, ɗalibai masu bincike daga Yamai, ƴaƴan gari da suka komo hutu daga birni da niyyar taimako. Kafin a shimfiɗa musu tabarma, ƙungiya ta yi tambaya huɗu. Wa ya zaɓi aikin? Akwai ɗan gari da sana'arsa ke nan? Nawa zai shiga akwati, kuma wa zai rubuta? Wa zai kula da abin bayan sun tafi? In an amsa su a gaban kowa, a ce musu maraba.

Na biyu, namu yaran. Babban hutunmu cikin damina yake faɗawa. Na ƙauye suna gona, ba su da lokacin banza. Na birni kuwa wata ukku suna zaune a fada, shayi da salula, har wani ya fara jin labarin hanyar Agadas yana yi masa daɗi. Haɗa aiki da yawo ba sabon abu ba ne gare mu. Muna da gayya. Manyanmu suna tuna Samariya ta zamanin Seini Kunce, lokacin da samari ke gina azuzuwa da share gari. Abin da Zanzibar ta tuna mana shi ne yaro na son aiki in akwai abin marmari a ƙarshensa.

Ba mu da teku, amma muna da tafkin Madarunfa, da na Tabalak, da na Gidimuni. Muna da fadar Sarkin Damagaram, da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da dajin Gadabeji inda aka maida raƙuman dawa a 2018. Ƙungiyoyi biyu na garuruwa daban za su iya musayar yara goma na kwana biyar, inda hanya ke da lafiya kuma hukuma ta sani. Mata su sauka wurin mata, maza wurin maza, da dattijuwa da dattijo masu kula. Da safe su tsinci ledojin da ke kashe mana awaki, ko su yi ma dashen 3 ga Agusta shinge, ko su taya tsofaffi noma. Da maraice a kai su ganin wuri. Kuɗin mota da na abinci a fara tara su tun rani cikin ɗan asusu na daban, ko dala ashirin-ashirin ne a sati. Inda kuma akwai masunta, a roƙe su su koya ma yara iyo, mata da maza, kowa da lokacinsa, don kowace damina muna jin labarin yaron da tafki ko gulbi ya ci.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a zaman zubi mai zuwa, a tattauna, a aiko mana da abin da aka yanke. Matan Jozani da na Jambiani sun ce a gaida ku da kyau, sun ce a gaya muku ɗiyar da kuka haifa ta girma. Allah ya ƙara ma asusunmu albarka, ya shirya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.